Gidan kallon faɗuwar rana

Kowane gida da aikinsa. Akwai na kwana, akwai na ajiyar hatsi, akwai na karatu. Amma a shekarar 2005 an gina wani gida a Aladab, kusa da Agadas, wanda ba a yi shi don ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An gina shi don mutum ya hau, ya zauna, ya kalli rana tana faɗuwa. Aikinsa ke nan.

Ga yadda aka yi shi. Dogon soro ne na ƙasa, tsayinsa metir 13, ɗaki bisa ɗaki. Babu matakala daga ciki. Matakalu uku ne daga waje, kowace ta jingina da gefe guda. Ta fari gajera ce, tana kai mutum bene na ɗaya. Ta biyu ta fi ta tsawo, tana kaiwa bene na biyu. Ta uku ita ce babba, tana kaiwa can bisa. Wanda ke bene na ɗaya, in yana son ya je na biyu, sai ya sauko ƙasa tukuna, ya kewaya, ya sake hawa. Matakalun nan kuma su ne ke tokare da soron, kamar yadda ake tokare tsohuwar katanga da gungume. Ku ɗauki alli ku gwada zana shi a kan allo. Za ku ga ba shi da wuyar zane.

Wanda ya ƙago shi sunansa Not Vital. An haife shi a shekarar 1948 a Sent, wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Suwis. Harshensu na gida sunansa romanshi. Ƙaramin harshe ne, masu magana da shi a gida ba su kai mutanen Arlit yawa ba. Yaran can ma da harshe biyu suke karatu, kamar ku. Not Vital ya fara zuwa Agadas a shekarar 1999. Ya yi aiki da magina da maƙeran azurfa na garin. A shekarar 2003 ya sa aka gina wani tudu na ƙasa mai matakalu ta kowane gefe, yara su hau su zauna bisa su yi karatu. Sunan da ya ba shi na hausa ne: Makaranta.

Shi ya zo da tunanin. Amma maginan ƙasarmu ne suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali, suka ɗora shi har bisa. A cikin littattafan Turai sunan mutum ɗaya ke fitowa. Mu dai mun san soro mai metir 13 ba ya tashi da hannu biyu.

Mene ne girkakken aiki?

Mun saba da aikin hannu iri-iri. Akwai zanen da ake yi a kan takarda. Akwai ɗinkin hula, da zanen ƙwarya, da saƙar tabarma, da adon jikar fata. Duk waɗannan ana ɗaukarsu a hannu, a kai su kasuwa, a sayar.

Akwai wani iri kuma, wanda masu fasaha na wannan zamani ke yawan yi. Faransawa na ce masa ansitalasiyon, wato girkawa. Mu za mu ce masa girkakken aiki. Ku tuna da yadda uwa ke girka tukunya. Tana zaɓen wuri, tana duba ta ina iska ke busawa, tana jera duwatsu uku, sannan ta ɗora. Haka mai fasaha ke yi. Yana zaɓen wuri. Yana kawo abubuwa: ƙasa, ko itace, ko ƙarfe, ko ruwa, ko haske, ko ƙara. Yana jera su yadda yake so. Mai kallo ba ya tsayawa daga nesa kawai. Yana kewaya aikin, yana shiga ciki, wani lokaci yana taɓawa. Sau da yawa in an yi ƴan watanni sai a kwashe.

Girkakken aiki ba gunki ba ne. Babu mai yi masa bauta, babu mai roƙonsa kome. An yi shi don a duba, a yi tunani.

To, wane tunani ne cikin gidan Aladab? Rana tana faɗuwa kullum, kyauta, gaban kowa. Amma ku faɗi gaskiya: yaushe rabonku da ku tsaya ku kalle ta tun tana ja har ta ɓace bayan tudu? Lokacin nan ana koro awaki, ana ɗebo ruwa, ana hura wuta. Abin da ke gabanmu kullum shi ne ba mu gani. Wanda ya hau matakala mai tsawo don kallo, dole ya kalla.

Daga Aladab zuwa Benis

Not Vital ya yi niyyar gina irin wannan gida a kowace nahiya, siffa ɗaya, kayan gini dabam. Na Aladab shi ne na fari, da ƙasa. A shekarar 2018 ya gina wani a ƙasarsu, kusa da tsohuwar fadar Tarasp, wadda ta kusa shekara 1000 bisa dutsenta. Ya sayi fadar a shekarar 2016, yana nuna ayyukan fasaha a cikinta.

A shekarar 2021 kuma aka yi abin da ya sa muke wannan karatu. An ƙera gidan da alminiyom, ƙarfen nan marar nauyi da maƙera ke zuba tukunya da shi. Tsayinsa metir 13, kamar na Aladab. Aka kai shi Benis, a ƙasar Italiya, aka girka shi a tsakiyar wata tsohuwar majami'a mai suna San Giorgio Maggiore. An fara ginin wannan majami'a a shekarar 1566, bisa zanen wani shahararren magini, Andrea Palladio. Wato hasumiyar Agadas ta girme ta da wajen shekara 50.

Benis gari ne cikin ruwa. An gina shi bisa ƙananan tsibirai a bakin teku. Maimakon tituna, hanyoyin ruwa gare su. Maimakon mota, jirgin ruwa. Majami'ar ma a bisa tsibiri take, sai da jirgi ake zuwa.

Yanzu ga abin mamaki. Gidan kallon faɗuwar rana ne, amma an sa shi cikin ɗaki mai rufi. Rana ba ta faɗuwa cikin ɗaki. A ganina aikin ya yi asara a nan, don an raba shi da abin da aka yi shi dominsa, kamar raƙumi ɗaure cikin zaure. Amma ya sami wani abu. Wanda ya shiga majami'ar yana ganin gini biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na waje ya haura shekara 400, na dutse ne, cike da ado. Na ciki sabo ne, ba shi da ado ko kaɗan, kuma asalin siffarsa daga bakin hamada ta zo. Ƙasar da ruwa ya yi wa kaɗan ta shiga cikin garin da ruwa ya yi wa yawa.

Kuma ruwa ya yi wa Benis yawa da gaske. Garin yana nutsewa a hankali, teku kuma tana hauhawa. Ranar 12 ga watan Nuwamba 2019 ruwa ya kai santimetir 187 bisa ma'aunin garin. Ya shiga gidaje da kantuna da majami'u. Tun shekarar 1966 ba a ga irinsa ba.

Don me ake zaɓen tsohon gini?

Dalili na fari mai sauƙi ne: tsofaffin gine-gine suna da faɗi da tsayi, kuma mutane sun saba zuwa kallonsu. Dalili na biyu ya fi muhimmanci. Tsohon gini kamar tsoho ne a fada. Ko bai yi magana ba, zamansa yana tuna wa mutane cewa akwai jiya. Canjin yanayi ba ya ganuwa cikin kwana ɗaya ko shekara ɗaya. Sai an gwada bana da shekara 50 ko 100 da suka wuce. Bangon da ya ga kakannin kakanni yana taimakon mai kallo ya yi wannan gwaji a zuciyarsa.

A shekarar 2019, a birnin Libaful na Ingila, an rataye wata babbar ƙwallo cikin majami'ar garin. Wani mai fasaha, Luke Jerram, ya yi ta. Faɗinta metir 7, jikinta hoton duniya ne yadda ake ganinta daga sararin sama. Tana juyawa a hankali. Wanda ya ɗaga kai zai ga teku shuɗi, da gizagizai, da wani babban fili mai launin rairayi a arewacin Afirka. Mu ne a ciki.

Ƙanƙara a ƙofar Panteyon

Wanda ya fi fitowa fili da maganar yanayi shi ne aikin da aka yi a Pari, babban birnin Faransa, cikin watan Disamba 2015. A lokacin ƙasashen duniya sun taru a garin don su shawarta yadda za a rage ɗumamar duniya. Wani mai fasaha, Olafur Eliasson, da wani masanin duwatsu, Minik Rosing, suka sa aka ɗauko manyan gutsattsarin ƙanƙara 12 daga tekun Gurinlan, can ƙarshen arewa. Ku manta da ƴar ƙanƙarar da ake sayarwa a leda lokacin azumi. Waɗannan wasu sun fi mutum tsayi, kuma nauyinsu duka ya kai wajen tan 80. Sun riga sun ɓalle daga uwar ƙanƙarar, suna yawo bisa ruwa. Aka sa su cikin akwatunan sanyi, jirgin ruwa ya ɗauko, kamiyo ya ƙarasa da su.

Aka jera su a da'ira, kamar lambobi 12 na agogo, a gaban wani tsohon gini mai suna Panteyon. An gama shi a shekarar 1790. A cikinsa Faransawa ke binne manyan mutanensu. A nan kabarin Marie Curie yake, matar da ta yi bincike kan dutsen uraniyom tun kafin a san akwai shi ƙarƙashin Arlit.

Babu wanda ya yi wa mutane jawabi. Ƙanƙara kawai aka ajiye, tana narkewa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wasu su shafa, wasu su kara kunne. Wanda ya kara kunne yana jin ƙas-ƙas: iska ce da ta maƙale ciki tun shekaru dubbai take fita. Kullum ƙanƙarar tana raguwa, ruwa yana bin ƙasa, har ta ƙare.

Me ke narkar da ƙanƙarar arewa? Ku saurara da kyau. In an ƙona gawayin ƙasa, ko man fetur, ko gas, wata iska tana fita, sunanta iskar karbon. Ido ba ya ganinta. Tana taruwa a sama, tana hana zafin da ƙasa ta sha daga rana ya koma waje, kamar bargo a kan mai barci. Bargo ɗaya yana da amfani. Ba don shi ba da sanyi ya kashe mu. Amma tun da aka fara manyan masana'antu ake ta ƙara masa kauri. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1. Kuna iya cewa digiri 1 ba kome ba ne. Ku tambayi likita bambancin jiki mai digiri 37 da mai 38.

Zafin nan yana narkar da ƙanƙara, ruwanta ya gangara teku, teku ta hau. Ga abin da ya haɗa Gurinlan da Benis. A wajenmu kuma, iska mai zafi tana ɗaukar ruwa da yawa, in ta tashi zubarwa sai ta zubar gaba ɗaya.

Ranar 12 ga Disamba 2015 aka cimma yarjejeniyar Pari. Ƙasashe suka yi alkawarin ƙarin zafin ba zai kai digiri 2 ba, kuma za su yi ƙoƙari ya tsaya a 1,5. Nijar ma ta sa hannu. Amma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa kafinta zafi.

Wasu sun soki aikin ƙanƙarar. Suka ce: jirgi da kamiyon da suka kawo ta ai mai suka ƙona. Maganarsu gaskiya ce. Girkakken aiki ba ya sa ruwan sama, ba ya tsayar da teku. Abin da yake iyawa ƙarami ne: ya sa mutumin da ya saba jin labari a rediyo ya taɓa abin da hannunsa sau ɗaya.

Itacen Tenere

Kada ku zaci sai an je Turai ake ganin irin wannan. Muna da namu, kuma ya riga duk waɗanda muka ambata.

A gabas da Agadas, a kan hanyar ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma, da akwai wani itace guda ɗaya tak a tsakiyar rairayi. Kandili ne, wanda ake ce wa afagag da tamajak. In ka bar shi, sai ka yi kwanaki bisa raƙumi ba ka ga wani ba. Shi ne ya rage daga itatuwan da suka tsiro a wurin lokacin da ƙasa ke da sauran laima. Madugai sun san shi, da shi suke gane hanya. Ayari bayan ayari ya sauka gindinsa, amma ba a sare shi don dafa shayi ba, ba a bar raƙuma sun cinye shi ba. Har a taswira an sa shi, shi kaɗai, kamar gari.

Yaya ya rayu? A tsakanin 1938 da 1939 aka gina rijiya kusa da shi. Sai masu gina suka tarar saiwoyinsa sun bi ƙasa har fiye da metir 33, sun kai ga ruwa. Abin da ake gani a bisa ɗan kaɗan ne. Yawancin itacen a ƙarƙashi yake.

A shekarar 1973, shekarar babban fari, wani direban kamiyo ya banke shi ya kayar. Duk faɗin Tenere, sai itace ɗaya da ke akwai ya samu. Ranar 8 ga Nuwamba 1973 aka kai gawar itacen Yamai, aka ajiye a gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen garin ke ce wa muze. Yau sunansa gidan tarihi na Bubu Hama. An buɗe shi a shekarar 1959, kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai. An gina wa itacen rumfarsa, aka tsayar da shi ciki.

A can Tenere kuma, inda ya tsaya da, aka kafa wani itace na ƙarfe. An haɗa shi da tsofaffin bututu da guntayen tono da ƙarafan mota.

Ku duba wannan abu biyu. Busasshen itace cikin rumfa, a babban birni, mutane suna kewaya shi. Itacen ƙarfe cikin rairayi, ba ganye, ba inuwa, ba ya bukatar ruwa. Waɗanda suka yi su ba su kira kansu masu fasaha ba. Alamar hanya suke so, da abin tunawa. Amma ni ban san wani girkakken aiki da ya fi su faɗar gaskiya game da ƙasarmu ba. Mota ta kashe itace, da ƙarfen mota aka yi madadinsa.

Raƙuman dawa na Dabus

Akwai wanda ya fi wannan ma tsufa, kuma yana kusa da mu ƴan Dannet. A gefen hanyar Agadas zuwa Arlit, a wani wuri mai suna Dabus, akwai duwatsu masu zane fiye da 800. Mafi shahara su ne raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami, sassaƙe bisa wani faffaɗan dutse. Babban ya kai metir 5,4, wato girmansa na gaske. An fitar da kowane tabo na jikinsa. Daga bakin kowane akwai wani layi da ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6000 da 8000.

Wanda ya yi wannan zane ya san raƙumin dawa sarai. Ya gan shi da idonsa, kusa-kusa. Raƙumin dawa kuwa ganyen dogayen itatuwa yake ci. Ashe inda muke kiwon awaki yau cikin tsakuwa, da daji ne mai ciyawa da itatuwa da tabkuna. A Gobero, cikin Tenere, a shekarar 2000, masu neman ƙasusuwan dabbobin da, ƙarƙashin wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno, suka tarar da kaburburan mutane a bakin wani busasshen tabki. Tare da su akwai ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi.

A nan sai a yi hankali, kada a haɗa abu biyu. Bushewar Sahara ta wancan lokaci ba mutum ya jawo ta ba. Duniya tana ɗan sauya karkatarta da hanyar da take kewaya rana, a hankali ƙwarai. Akwai lokacin da wannan ya sa damina take hawa arewa har ta rufe Abzin. Da abin ya juya, damina ta ja baya zuwa kudu, wajen shekara 5000 da suka wuce. Wancan canji ya ɗauki ƙarni da yawa. Na yanzu hayaƙin mutane ne ya kawo shi, kuma cikin shekara 150 kawai.

Raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta yamma suna ƙasarmu, a wajen Kure, kusa da Yamai. A shekarar 1996 saura 49 kacal. Da aka tsare su, suka hayayyafa har suka wuce 600. A shekarar 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji.

A shekarar 1999 aka ɗauki sawun zanen Dabus, aka zuba shi da alminiyom. Aka kafa ɗaya a filin jirgin sama na Agadas. Na asali yana nan bisa dutsensa. In kun je, kada ku taka shi, kada ku rubuta sunanku a jikinsa. Dutsen yana da taushi, abin da aka kankare ba ya komawa.

Tsofaffin gidajenmu

Tsofaffin gine-gine ba su ƙare a Turai ba. Hasumiyar babban masallacin Agadas tana da metir 27, da ƙasa zalla aka yi ta. An gina ta wajen shekarar 1515, aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da kuke gani sun fito daga jikinta suna ƙarfafa ginin, kuma a kansu magina ke takawa in za su yi yaɓe. Akwai fadar Sarkin Abzin. Akwai tsofaffin gidajen ƴan kasuwa masu adon ƙasa a bango. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

Gidan ƙasa ya dace da zafi. Bango mai kauri yana tsare sanyi da rana, ya saki ɗumi da dare, ba tare da wutar lantarki ba. Maƙiyinsa ɗaya ne: ruwa mai yawa a lokaci guda. In indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta gindin bango, sai ƙasa ta jiƙe ta zube. A farkon watan Satumba 2009 korin Telwa ya cika ya ɓalle, ya shiga Agadas, ya rushe gidaje dubbai. A watan Satumba 2024, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a duk faɗin Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama.

Wato a wajenmu ba sai an kawo ƙanƙara daga nesa an ajiye gaban tsohon gini ba. Ginin ne kansa ke narkewa.

Mu gwada a lakwal

Ajinku yana iya yin nasa girkakken aiki, ba da kuɗi ba. Ku nemi wuri mai tarihi: tsohon ɗakin ƙasa da aka daina kwana ciki, ko bakin tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Ku nemi izinin masu wurin. In bango ya tsage, kada ku shiga, ku yi aikinku daga waje.

Ku fara da tambayar tsofaffi. Waɗanne itatuwa ne ke kwarin nan lokacin ƙuruciyarsu? Waɗanne dabbobin daji suka gani da idonsu waɗanda ku ba ku taɓa gani ba? Igiyar guga gaba nawa ce a da, nawa ce yanzu? Ku rubuta amsoshin da hausa, ku sa sunayen itatuwan da tamajak da faransanci in kun samu.

Wajen kayan aiki akwai gargaɗi mai nauyi. Kada ku ɗauko ƙarfe, ko bututu, ko tsumma, ko dutse da ya fito daga wajen ma'adinai. Wasu daga cikinsu suna fitar da wani tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana cutar jiki a hankali. A shekarar 2003 masu awo daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, sun sami irin waɗannan ƙarafa a cikin gari. Ma'adinin Akokan an rufe shi a watan Maris 2021, amma tudun dusar da aka tace ba wurin wasa ba ne. Ku tsaya ga abin da kuka san asalinsa: kaba, karan gero, ƙwallon goriba, busassun rassan da suka faɗo da kansu, tsohuwar igiya, tsakuwar kori.

Ga wanda za ku iya farawa da shi. Ku tsinto busasshen reshen kandili, ku kafa shi a ƙofar tsohon ɗakin. Ku ƙulla tsofaffin igiyoyi har su kai metir 33, ku auna da ma'aunin aji. Ku ɗaura baki ɗaya a gindin reshen. Ku ja igiyar a miƙe bisa ƙasa har ta ƙare, ku ajiye ƙwarya da ɗan ruwa a ɗaya bakin. Sannan ku kira iyayenku da ƙannenku. Kada ku yi musu bayani tukuna. Ku bar kowa ya tashi daga reshen, ya bi igiyar da ƙafa, yana ƙidaya takunsa har ya kai ga ƙwaryar.